Yadda Ake Karanta Kasuwar Dabbobi, Kaji da Nama Kafin Farashi Ya Juya

Farashin naman da ke kan teburin mahauci yau tsohon labari ne. An yanke shi tun tuni: ranar da wani makiyayi ya sayar da karsanarsa maimakon ya bar ta ta haihu, ranar da masara ta yi tsada har mai gidan gona ya rage 'yan tsakin da zai zuba, ranar da ruwan sama ya ɗauke da wuri. Wanda yake jira sai nama ya tashi sannan ya san kasuwa ta juya, shi ne na ƙarshen jin labari, kuma yawanci shi ke biyan kuɗin jinkirin. Wannan jagora ta mai kiwo ce, da mai sari, da mahauci, da mai gidan abinci, da duk wanda jarinsa ke hawa da sauka tare da farashin dabba. Duk wanda ya ce maka ya san nawa kilo zai kai nan da wata shida, ka riƙe aljihunka da kyau. Abin da ake iya sani shi ne inda iska ta dosa, kuma ana saninsa ne ta hanyar lissafi.

Mataki na farko: raba farashin gida huɗu, ka buɗe littafi

Mutane kan ce "nama ya yi tsada" kamar farashi ɗaya ne. Huɗu ne aƙalla: na abincin dabba, na dabba a raye, na sari bayan yanka, da na ɗai-ɗai da mai cefane ke biya. Kowanne da saurinsa, kuma akwai lokacin da biyu daga ciki ke tafiya gabas da yamma.

Ka sami littafi ko shafin lissafi a waya, ka riƙa rubuta huɗun nan rana ɗaya a kowane mako. Sharaɗin da ba a karyawa shi ne ka auna abu iri ɗaya kullum: jinsi ɗaya, nauyi kusan ɗaya, yanka iri ɗaya, kasuwa ɗaya. Idan makon jiya ka rubuta farashin ƙosasshen sa, yau ka rubuta na tsohuwar saniya, littafinka zai ce maka kasuwa ta karye alhali ba abin da ya motsa. Ka mayar da komai zuwa kilo, ko da inda kake da ido ake ciniki. Kuma ka rubuta kuɗin da aka sallama a kai, ba wanda aka fara faɗa ba. A gefe ka ƙara layi ɗaya na abin da idonka ya gani: dabbobi nawa aka shigo da su, nawa suka yi kwantai. Sau da yawa kwantai kan riga faɗuwar farashi da mako ɗaya ko biyu, domin mai kaya yakan gwammace ya koma da dabbarsa gida sau ɗaya kafin ya yarda ya rage.

Mataki na biyu: ka san tsawon lokacin da kowace dabba ke bukata

Nan ne ginshiƙin al'amarin, don haka zan daɗe a kai.

Ƙwai na ƙyanƙyashewa cikin kwana 21, kazar nama ta gidan gona kuma tana isa yanka cikin mako shida zuwa bakwai. Ke nan idan farashin kaza ya tashi yau, cikin wata biyu zuwa uku masu kiwo za su iya cika kasuwa, muddin akwai iyayen kaji da za su ba da ƙwan. Saboda haka tsadar kazar nama ba ta cika daɗewa ba, kuma araharta ma haka take. Kuskuren da sabon shiga ke yi shi ne ya ga farashi ya yi daɗi ya zuba 'yan tsaki, ya manta cewa kowa ya ga abin da ya gani. Ranar da kajinsa za su isa, na kowa sun isa.

Kazar ƙwai daban take. Ba ta fara saka ƙwai sai ta kai mako 18 zuwa 20, don haka idan aka rasa garken masu ƙwai, sai an yi wata biyar ko fiye kafin a cike gurbin. An ga wannan ƙarara a Amurka, inda murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta shiga gidajen gona tun Fabrairun 2022 aka hallaka tsuntsaye sama da miliyan 100. Ƙwai ya yi tashin gwauron zabo, har matsakaicin farashin dozin ya haura dala shida a Maris na 2025, amma naman kaza bai yi kusa da wannan hawan ba. Cuta ɗaya, ƙasa ɗaya, sakamako biyu. Cutar ta fi yi wa gidajen masu ƙwai ɓarna, sannan maye gurbinsu ya fi ɗaukar lokaci.

Tunkiya da akuya suna ɗaukar ciki wata biyar, kuma sukan haifi tagwaye, don haka garkensu kan farfaɗo cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Saniya kuwa cikinta wata tara ne da 'yan kwanaki, maraƙi ɗaya take bayarwa. Ko a jinsin da ke saurin girma, karsana ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara biyu, ɗanta kuma sai ya ƙara shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya isa yanka. Daga ranar da makiyayi ya ce "wannan ba zan sayar ba" zuwa ranar da naman ɗanta zai hau teburi, kusan shekara uku ke nan. A jinsin da ke rayuwa kan ciyawa zalla abin ya fi haka tsawo. Wannan jinkiri shi ya sa yawan shanu ke hawa shekaru a jere sannan ya sauka shekaru a jere; a Amurka, inda aka daɗe ana ƙirga su, zagaye ɗaya kan ɗauki shekara takwas zuwa goma sha biyu.

Duk lokacin da ka ji farashi ya tashi, tambayar farko ita ce: wace dabba, kuma wata nawa za a yi kafin a iya ƙara yawanta? Amsar ita za ta gaya maka ko tsadar ta kwana ce ko ta shekaru.

Mataki na uku: ƙirga mata

Idan abu ɗaya kawai za ka iya bibiya a kasuwar shanu da tumaki, ka bibiyi yawan matan da ake kaiwa mayanka. Namiji dama don yanka ake kiwonsa. Mace ita ce uwar garke, kuma ba a rabuwa da ita sai da dalili: fari, tsadar abinci, bashi, ko tsoron cuta.

A nan akwai abin da ke ruɗa mutane. Lokacin da makiyaya ke zubar da garke, nama yana yawa a kasuwa, farashi ya yi laushi, mai saye ya ɗauka an shiga yalwa. Alhali uwar kuɗi ake ci. Bayan shekara biyu ko uku sai maruƙa su yi ƙaranci. Daga nan farashi ya tashi, makiyaya su fara riƙe karsanai don sake gina garke, sai naman ya ƙara yin ƙaranci saboda waɗanda da za a yanka an bar su su haihu. Mafi tsananin tsada yakan zo ne daidai lokacin da aka fara gyara.

Amurka ta bi wannan hanya a idon duniya. Fari ya addabi yankunan kiwonta a 2021 da 2022, aka yi ta kai iyayen shanu mayanka, har naman da ƙasar ta samar a 2022 ya kafa tarihi. Zuwa Janairun 2024 garken ƙasar ya sauko zuwa kimanin miliyan 87, mafi ƙanƙanta tun 1951, farashin naman sa a kantuna kuma ya yi ta kafa sabon tarihi a 2024 da 2025. Ostireliya ta nuna ɗaya fuskar. Ruwa ya wadata daga 2020 zuwa 2022, kowa ya riƙe dabbobinsa, farashi ya kai ƙololuwa a farkon 2022. Da garke ya cika, aka kuma fara hasashen yanayin El Nino mai kawo fari a 2023, sai masu kiwo suka yi ribibin sayarwa, farashin matasan shanu ya faɗi da fiye da rabi, na tumaki ma ya zube. Masu nazarin kasuwar ƙasar suna da ma'auni mai sauƙi: idan mata suka haura kashi 47 cikin 100 na shanun da ake yankawa, garke raguwa yake, idan suka gaza haka, ƙaruwa yake. Adadin na iya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma dabarar tana aiki ko'ina. Ba sai kana da alƙaluman gwamnati ba. Ka tambayi masu fiɗa a mayanka ko suna yawan tarar da ciki a shanun da ake yankawa. Idan suna tararwa, garke na cikin matsi.

Ka kuma lura da nauyi, ba kawuna kaɗai ba. Idan abinci ya yi araha masu turke sukan ƙara wa dabba kwanaki, sai kawuna su ragu amma kilo bai ragu sosai ba.

Mataki na huɗu: bi sawun masara da waken soya

A kiwon kaji na zamani abinci kan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa, kuma mafi yawan abincin masara ne da tunkuzar waken soya. Kazar nama mai kyau takan ci kilo 1.6 zuwa 1.9 ta ƙara kilo ɗaya. Sa a turke kan ci wajen kilo shida na busasshen abinci kafin ya ƙara kilo ɗaya. Don haka mai kiwon kaji da bai san farashin hatsi ba, bai san sana'arsa ba.

Ga lissafin da ya kamata ka yi kafin kowane zubi. Lambobin misali ne kawai, ka sa naka a madadinsu. A ce kaza za ta kai kilo 2, tana cin kilo 1.8 kan kowane kilo: abinci kilo 3.6 ke nan. Idan kilon abinci 10 ne, ka kashe 36. A ce ɗan tsako 8, magani da rigakafi da ɗumama da shimfiɗa da ƙwadago 8. Jimla 52. Idan biyar cikin ɗari suka mutu, masu rai ne za su ɗauki nauyinsu, kowace kaza ta tashi a kusan 55, wato 27.5 a kilo. Ƙasa da wannan, faɗuwa ce. Yanzu abinci ya ƙaru da kashi 20: 36 ya koma 43.2, kaza ta tashi a kusan 62, kilo ya koma 31. Idan kasuwa na saye a 33, ribar da ta kai 5.5 a kilo ta koma 2 ba tare da farashin kaza ya motsa ba.

Daga nan ka fitar da lamba guda da za ka riƙa rubutawa kowane mako: kilon kaza ɗaya a raye yana sayen kilo nawa na abinci? A misalin nan 3.3 ne da farko, ya koma 2.75. Haka za ka yi wa ƙwai, kiret ɗaya kan kilon abinci nawa. Amfanin wannan lamba shi ne hauhawar farashi ba ta ruɗa ta. Idan ta yi ƙasa makonni a jere, ka sani maƙwabtanka na rufe ɗakuna, kuma bayan wata biyu zuwa uku kaza za ta yi ƙaranci. Masu ƙarfin jari a nan suke shiga, lokacin da kowa ke fita. Hanyar tabbatarwa ita ce gidan ƙyanƙyasa: idan ana roƙonka ka ɗauki 'yan tsaki har da rangwame, zubi ya ragu, idan sai ka bi layi na makonni, ambaliya na tafe.

Hatsi kuma kasuwarsa ta duniya ce. Farin da ya faɗa wa yankin noman masara na Amurka a 2012 ya kai farashinta matakin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, hanyar fitar da hatsi ta Baƙin Teku ta toshe, kuma a Maris na shekarar ma'aunin farashin abinci na FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai matsayi mafi girma a tarihinsa. Mai kaji a kowace nahiya ya ji wannan a kuɗin buhu.

Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba: tsadar hatsi tana karya farashin ƙananan shanun da ake saya don turke, domin mai turke yana rage abin da zai iya biya a kansu. Mai kiwon maruƙa da bai taɓa sayen masara ba, ita ce ke yanke masa farashi.

Mataki na biyar: mayar da dabba mai rai zuwa kilon nama

Mai kiwo yakan ga farashin kanti ya ninka abin da aka biya shi sau uku, ya ce an cuce shi. Wani lokaci an cuce shin. Amma kafin ka yanke hukunci ka yi lissafi.

Bayan an feɗe sa, an cire kai, ƙafafu, fata da kayan ciki, abin da ya rage yakan kama kashi 50 zuwa 62 cikin 100 na nauyinsa, gwargwadon jinsi da ƙiba. A tumaki da awaki yakan tsaya kusa da rabi ko ƙasa kaɗan, a kazar nama kuma ya haura kashi 70. A ce sa mai kilo 400, kilonsa a raye 100, an saye shi 40,000. A kashi 55, ya ba da kilo 220 da ƙashi, kowane kilo ya tashi a 182. Idan tsoka zalla za a sayar, wajen kashi biyu cikin uku ne zai saura, kusan kilo 150, kilo ya tashi a 267. Ba a sa kuɗin mota, la'ada, haraji, yanka, sanyaya, haya da abin da ya lalace ba tukuna. Daga baya sai a cire abin da fata, kai, ƙafafu da kayan ciki suka kawo, wanda a wasu lokuta shi ne ribar mahaucin gaba ɗaya. Shi ya sa faɗuwar kasuwar fata kan rage farashin dabba ko da nama bai motsa ba. Ka kuma lura: ƙarin 10 a kilon dabba mai rai yana zama ƙarin kusan 27 a kilon tsoka.

Bambancin da ke tsakanin farashin dabba, bayan ka mayar da shi kilon nama, da farashin kanti, shi ne abin da za ka sa wa ido. Idan ya faɗaɗa ba zato, matsalar a tsakiya take. A Afrilu da Mayun 2020, da cutar korona ta sa manyan mayankun Amurka rufewa ko rage aiki, shanu sun taru ba mai yankawa, farashinsu ya faɗi, nama kuma ya yi ƙaranci a kantuna, farashinsa ya tashi. A ƙasar, kamfanoni huɗu ne ke yanka kimanin kashi 85 cikin 100 na shanun turke, don haka rufe 'yan masana'antu kaɗan ya isa ya shaƙe hanya baki ɗaya. Tsadar man mota, katsewar lantarki ko toshewar babbar hanya suna yin irin wannan aiki a ƙaramin mataki.

Farashin ɗai-ɗai yana saurin hawa, yana nawar sauka. Kada ka tsaya mamaki, ka sa shi a lissafi: idan sari ya sauka yau, kanti zai biyo bayan makonni, kuma ba lallai ya sauka daidai gwargwado ba.

Mataki na shida: cire kaka da hauhawar farashi

Kada ka kwatanta wannan wata da wanda ya gabata. Ka kwatanta shi da takwaransa na bara. Bukukuwa, lokacin girbi, lokacin da ciyawa ke bushewa da lokacin hutu duk suna ɗaga farashi su sauke shi kowace shekara, kuma wannan ba juyin kasuwa ba ne. Inda bikin ke bin kalandar wata, ka daidaita da ranar bikin, ka bar sunan watan. Sannan ka cire hauhawar farashi: idan nama ya ƙaru da kashi 20 amma kayan masarufi gaba ɗaya sun ƙaru da kashi 30, a gaskiya nama ya yi araha da kusan kashi 8, kuma mai kiwon da ke murnar ƙarin kuɗi talaucewa yake yi.

Mataki na bakwai: cuta da iyaka

Cuta tana da fuska biyu, kuma dole ka san wadda ta juyo maka. Idan ta kashe dabbobi a ƙasar da ke cin abin da ta noma, farashi tashi yake. Idan ta ɓulla a ƙasar da ke fitarwa waje, masu saye su rufe ƙofa, kayan su dawo gida, farashin cikin gida ya faɗi yayin da na masu shigowa da shi ya tashi. Saniya ɗaya da aka samu da cutar haukan shanu a jihar Washington a Disambar 2003 ta sa Japan da Koriya ta Kudu sun dakatar da sayen naman Amurka, fitar da shi ya durƙushe a shekarar da ta biyo baya. Brazil, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da naman kaza da na sa, ta sami murar tsuntsaye a gidan gonar kasuwanci karon farko a Mayun 2025, nan take Sin da wasu ƙasashe suka dakatar da sayen kajinta.

Misali mafi girma a zamaninmu shi ne annobar aladu da ta shiga Sin a Agustan 2018. A lokacin wajen rabin aladun duniya a can suke. Zuwa ƙarshen 2019 farashin naman ya ninka, mutane suka koma wa kaza, sa da tunkiya, ƙasar ta shiga sayen nama daga kowace kusurwa. Ko wanda bai taɓa kusantar wancan nama ba ya biya ƙarin kuɗi a kan nasa, domin nama yana maye gurbin nama. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya mai hedkwata a Faris tana wallafa rahoton ɓullar cututtuka a intanet kyauta. Tare da shi ka riƙa bin labarin harajin shigo da kaya, haramcin fitarwa da canjin kuɗi, domin sa hannu ɗaya na gwamnati kan yi cikin dare abin da fari ke yi cikin shekara.

Mataki na takwas: leƙa kwandon mai cefane

Rahoton da ya ce cinikin abinci ya ƙaru yakan yaudari mutane, domin kuɗi yake ƙirgawa. Idan kuɗin da ya shigo ya ƙaru da kashi 10 amma farashi ya ƙaru da kashi 25, kilon da aka sayar ya ragu da kashi 12. Ka raba 110 da 125, za ka gani. Mai shago ya yi wa kansa wannan lissafi kowane wata.

Idan aljihu ya matse, mutane ba sa daina cin nama kwatsam, sauka suke yi daki-daki: daga yanka mai tsada zuwa mai araha, daga sa zuwa kaza, daga kaza zuwa ƙwai da wake, daga gidan abinci zuwa girkin gida, daga sayen kilo zuwa sayen rabi. Kowane mataki alama ce. Idan kayan ciki da fukafukai suka fara ƙarewa kafin tsoka, masu saye sun kusa iyakar abin da za su iya, kuma ƙarin farashi daga nan kwantai zai haifar. A ɗaya ɓangaren, arahar kaza ce ta sa ta zama naman da aka fi samarwa a duniya, kuma ita ce ke yi wa tsadar naman sa linzami.

Inda alƙaluman suke

FAO na fitar da ma'aunin farashin abinci a farkon kowane wata, kashi biyar: hatsi, man girki, madara, nama da sukari, inda matsakaicin 2014 zuwa 2016 yake a matsayin 100. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka na fitar da hasashen hatsi na duniya da yawan shanun da ke turke kowane wata. A kasuwar cinikin gaba ta Shikago ana ƙulla farashin masara, waken soya da shanu na watanni masu zuwa. Ba annabci ba ne, ra'ayin masu zuba kuɗi ne a yau, amma yana nuna inda suka karkata. Hukumar ƙididdiga ta ƙasarka kuma ita ke da alƙaluman hauhawar farashi. Ka ɗauki waɗannan don sanin alkibla. Idan suka saɓa da littafinka, ka nemi dalilin: kuɗin mota, canji ko rufe iyaka. A ra'ayina, littafin da ka rubuta da hannunka na shekara biyu ya fi maka amfani wajen saye da sayarwa.

Mataki na ƙarshe: yanke shawara kafin ranar kasuwa

Alama ɗaya ba ta isa ba. Ka jira uku su yi magana ɗaya, misali mata sun yi yawa a mayanka, abinci ya yi tsada, kwantai ya ƙaru, sannan ka motsa.

Mai turke ya rubuta farashin da zai fitar da shi tun ranar saye. A ce ka sayi sa mai kilo 300 a kan 100, 30,000 ke nan. Za ka ƙara masa kilo 100, kowane kilo zai ci maka 80, 8,000 ke nan. Jimla 38,000 a kan kilo 400: sai ka sayar a 95 kafin ka fita ba riba ba faɗuwa. Idan kasuwa ta sauka zuwa 90, ka yi asarar 2,000 duk da cewa dabbar ta yi ƙiba yadda kake so, domin faɗuwar ta shafi kilo 400 duka, har da 300 da ka saya da tsada. Haɗarin turke ya fi girma idan ka sayi ƙananan dabbobi lokacin da kowa ke ɗokinsu. Kuma kowane mako ka tambayi kanka ko kilon da dabbar ke ƙarawa yana biyan abincin da ta ci. Dabba na rage saurin girma idan ta ƙosa, ranar da lissafin ya juya ka sayar, ko da kana jin farashi zai ƙara.

Mai kaji ya rarraba zubi maimakon ya cika ɗakuna rana ɗaya, ya kuma nemi mai saye kafin ya karɓi 'yan tsaki, domin kazar da ta wuce mako bakwai cin riba take yi. Mahauci da mai gidan abinci, idan alamu suka nuna tsada mai tsawo kamar ta shanu, su ƙulla yarjejeniyar watanni da mai kawo kaya, su ƙara wa kaza da sauran yanka gurbi a abin da suke sayarwa. Idan kuwa tsadar ta kaza ce, kada su ɗaure kansu da farashin yau fiye da mako shida zuwa takwas. Kafin ka cika ɗakin sanyi don jiran tsada, ka lissafa kuɗin wuta, raguwar nauyi da kuɗin ruwan bashin da ka ci, ka raba su da kilon da ka ajiye, ka ga nawa ne farashi zai ƙaru kafin ka maido su.